Malam ya koyar, shin yaro ya koya? Dabarun da ke sa karatu ya zauna, daga Bilbis har Bungudu

Akwai wata tambaya da duk wanda ya zauna a ajin boko a ƙasar Hausa ya sani, ya kuma san amsarta tun kafin a yi ta. Malami zai cika allo da rubutu, ya karkaɗe alli daga hannu, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Sai aji gaba ɗaya, har da masu gyangyaɗi a layin baya, su amsa da murya ɗaya, "Eh, Malam!" Kai ma ka san sau nawa ka ba da wannan amsar alhali ko ɗigo bai shiga ba.

To, yau fa alli ya dawo hannunku. Wata ta gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wani ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Maru, wani bautar ƙasa ce ta jefa shi aji, wani kuma sa-kai yake yi a Islamiyyar unguwa. Ko da ba ka cikin waɗannan, akwai ƙanenka ko ƙanwarka da ke zaune a wani aji a Bilbis, ko Tsafe, ko Gusau, ko Bungudu, yana amsa "Eh, Malam" yanzu haka. Don haka maganar ta shafe ka kai-tsaye: me malami zai yi a cikin mintunan darasi da zai sa yaro ya fita da abin da bai shigo da shi ba?

Ajin da za ka tarar

Kafin dabara, sai an san wa ake koyarwa. Yaran Zamfara sun sha hutun dole a 'yan shekarun nan. A watan Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantun Najeriya na tsawon watanni. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, su 279 aka sako bayan 'yan kwanaki. A watan Satumba na shekarar, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantun firamare da sakandare na jihar. Ga kuma iyalan da matsalar tsaro ta taso daga ƙauyukansu suka shigo gari da 'ya'yansu.

Shi ya sa idan ka shiga aji huɗu a gari irin Bilbis, sunan ajin ɗaya ne, amma yaran ba a wuri ɗaya suke ba. Akwai mai karanta labari tiryan-tiryan, akwai mai haɗa gaɓoɓi da ƙyar, akwai wanda bai bambance "b" da "d" ba. Ba Zamfara kaɗai ba ce. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar da abokan aikinsa a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a lokacin da suka kai shekara 10.

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a jihar. Gyaran azuzuwa da kujeru abu ne da ake buƙata, babu musu, kuma shi ne ke yin kyau a hoton Facebook. Sai dai yaro na iya shekara shida a ƙarƙashin sabon kwano ya fita bai iya karanta sunan garinsu ba, muddin abin da ke gudana tsakaninsa da malami bai sauya ba.

Fara da sanin inda kowane yaro ya tsaya

Yawancin malamai manhaja suke bi. Littafi ya ce wannan mako rabawa za a yi, sai a yi rabawa, ko da rabin ajin bai iya ɗebewa ba. Masu ƙoƙari biyar na gaba suna tafiya da Malam, sauran suna kwafe abin da ba su san ma'anarsa ba.

Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta ɓullo da hanyar magance wannan, wadda ake kira TaRL a taƙaice, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su gida biyar: wanda bai san harafi ba, wanda ya san haruffa, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, da mai karanta labari. Sai a ware wani lokaci kullum a zaunar da su bisa matakinsu, ba bisa shekaru ko sunan aji ba. Wanda ya ƙware sai ya haura rukuni na gaba. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka shafe shekaru suna gwada tsarin. A jihar Uttar Pradesh, bayan 'yan makonni ana wannan karatu, yawan yaran da ke iya karanta sakin layi ko labari ya kai kimanin ninki biyu na makarantun da ba a yi ba. Tsarin ya iso Najeriya ta Borno a 2018, sannan Kano ta gwada shi daga 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, a shirin da ake kira KaLMA.

Idan ka lura da kyau, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo babu wanda ake ɗora wa farfaru alhali bai iya babbaƙu ba. Almajirai talatin na zaune gaban malami ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba za ka wanke allo a yi maka ƙari ba sai ka biya Malam ya ji ya zauna. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da boko ya rasa ke nan a lokacin da ya koma tseren gama manhaja.

Yadda za ka yi shi ba wuya. Samu takarda ɗaya, ka rubuta haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, jimloli huɗu, da ɗan labari. Kira yara ɗaya-ɗaya, minti uku ya ishi kowane. Ko su 60 ne, awa uku ke nan, ka raba a kwana biyar. Ranar Juma'a za ka riƙe wani abu da malamai da yawa ba su taɓa riƙewa ba: jerin sunayen yaranka da matakin kowa. Daga nan sai ka nemi izinin hedimasta a ware ko da rabin awa ne kullum don karatun rukuni.

Ni in yi, mu yi tare, ku yi da kanku

Zamfara tana da nata misalin a gida. Shirin RANA na koyar da karatu da lissafi a azuzuwan farko na firamare a jihohin Katsina da Zamfara aka fara shi, a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP3, wanda UNICEF ta gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyar FHI 360 kuma ta aiwatar. Ya shiga makarantun gwamnati da na Alƙur'ani da aka haɗa da boko. Abin da ya zo da shi shi ne littafin jagoran malami mai ɗauke da darasi daki-daki, littattafan ɗalibai da Hausa, labarai masu lissafi a ciki da malami ke karantawa a bayyane, da kuma masu zagayawa suna kallon darasi suna ba malami shawara. A Sakkwato da Bauchi ma an yi irinsa da littattafan "Mu Karanta" da tallafin Amurka.

Hikimar farawa da Hausa a fili take. Rubutun Hausa kusan yadda ake furta shi haka ake rubuta shi. Yaron da ya san ba, ka, ma, na, a ranar zai iya haɗa "baka", "nama", "mama", "kana", kuma ya san ma'anarsu, don da su ya tashi. Wanda aka fara masa da Turanci kuwa yaƙi biyu yake yi lokaci guda: koyon haruffa da koyon harshen da ba a yi a gidansu. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekaru shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Saboda haka kada ka ji kunyar yin bayani da Hausa don a ce kai ɗan boko ne. Yaro ya fahimci abin tukuna, sannan ka ba shi sunansa da Turanci, domin da shi zai rubuta jarrabawa.

Irin waɗannan shirye-shirye sun dogara da matakai uku da za ka iya ɗauka gobe-goben nan. Na farko, kai ka yi suna kallo, kana faɗin abin da kake tunani a bayyane: "Biyu ba za ta ba da bakwai ba, to bari in aro goma daga maƙwabci." Na biyu, ku yi tare, kana tambaya suna amsawa. Na uku, su yi da kansu kana zagayawa kana leƙa littattafansu. Matsalar ajinmu ita ce ana tsallake na tsakiya. Malam zai yi misali ɗaya, ya rubuta tambayoyi goma, ya fita gindin bishiya. Wani masanin ilimi Ba'amurke, Barak Rosenshine, da ya tattara halayen malaman da ɗalibansu suka fi cin nasara a wata maƙala ta 2012, ya nuna cewa suna gutsura darasi ƙanana-ƙanana, suna yawan tambaya, kuma ba sa sakin yara su yi aiki su kaɗai sai amsoshin ajin sun kai kusan 8 cikin 10 daidai.

Tambayar da ke tona gaskiya

"Kun gane?" ba ta gaya maka komai, don babu yaron da zai ɗaga hannu gaban abokansa ya ce shi ne bai gane ba. Sauya ta da aiki. "Kowa ya rubuta amsar 43 a ɗebe 17, in na ce ɗaga, ku ɗaga." A cikin minti ɗaya ka ga amsar yara 60 da idonka. Ba sai da kayan zamani ba: bayan littafi ya isa, guntun kwali ya isa, ko ƙasa ma a tsakar makaranta da tsinke. Idan ka ga da yawa sun rubuta 34, ka san sun juya ne sun ɗebe uku daga bakwai, kuma ka san ainihin inda za ka koma.

Sai maganar jira. A farkon shekarun 1970 wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta saurari ɗaruruwan darussa da aka naɗa, ta gano cewa malamai kan jira kimanin sakan ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su tsallaka kan wani yaro. Da aka horar da su su jira sakan uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara magana, "ban sani ba" ta ragu. Gwada ka gani. Yi tambaya, ka ƙirga uku a zuci, sannan ka kira suna. Shirun zai yi maka nauyi da farko, amma a cikinsa ne yaron baya ke haɗa amsarsa.

Kuma kada masu ɗaga hannu su mallake maka aji. Rubuta sunayen yara a guntayen takarda, zuba a gwangwani, ka riƙa zaro ɗaya. Kafin ka zaro, ce musu kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi amsarsa. Wannan yana taimakon 'yan mata musamman, waɗanda sau da yawa sun san amsa amma kunya da hayaniyar maza ke danne su. Ke Malama, kin fi kowa sanin wannan.

Bita: abin da tilawa ta daɗe da sani

Ka taɓa koyar da abu ranar Litinin yara suka iya, ranar Alhamis ka tambaya suka zuba maka ido kamar ba su taɓa ji ba? Ba taurin kai ba ne, haka ƙwaƙwalwa take. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a lokuta daban-daban na rage ta. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ƙara wani abu a kai. Sun sa wasu ɗalibai su yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu kuma su karanta sau ɗaya sannan su rufe su yi ta ƙoƙarin tuno shi. Bayan mako guda, masu tunowa sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kashi 40.

Duk mahaddaci zai ce maka ai wannan ita ce tilawa. Ba a riƙe hadda da kallon takarda, sai an rufe an kawo da ka, yau da gobe da jibi. To ka kai wannan ajinka. Minti biyar na farkon kowane darasi, littattafai a rufe, tambayoyi huɗu: biyu daga darasin jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Babu maki, babu duka. Waƙa ma tana aiki, kuma muna da tarihi a kai: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta riƙa tura ilimi ga matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru. Sai dai ka kula, yaro na iya rera jadawalin sau biyu har ƙarshe, ka tsare shi da "biyu sau bakwai" a tsakiya ya tsaya cak. Bayan waƙa, sai ka tambaya a hargitse.

Kayan aiki na nan a bakin hanya

Za ka ce babu kayan koyarwa. Gaskiya ne, amma ƙasar Tsafe ƙasar noma ce, kara ba ya yankewa. Yanka tsinkaye, ɗaure goma-goma da zare ko roba. Ɗauri huɗu da tsinke uku, 43 ke nan. Ce wa yaro ya ba ka 17. Zai ga tsinke uku ba za su ba da bakwai ba, da kansa zai kwance ɗauri ɗaya. Ya gano "aro" da hannunsa, kuma gani ya kori ji. Murafen kwalba, ƙwallon dabino, mudu da tiya, kuɗin cinikin ƙosai, duk lissafi ne. Yarinyar da ke ba da canjin ɗari biyar ba kuskure a wurin talla ta iya ɗebewa, rubutun ne kawai ba a haɗa mata da abin da ta sani ba. Idan darasin duwatsu da koguna ake yi a Bungudu, ga dutsen Kwatarkwashi nan, a fara da shi kafin a tafi Kilimanjaro.

Wayar da ke hannunka ma kayan aiki ce. Jingine ta a taga ta naɗi muryarka na darasi ɗaya, ka saurara da dare. Ƙirga minti nawa ka yi kana magana, minti nawa yara suka yi, sunaye nawa ka kira. Muryar kawai, kada ka ɗauki hoton 'ya'yan mutane ka watsa a TikTok.

Bulala da kuskure

Da yawanmu da dorina aka koya mana, har wasu na alfahari da hakan. Amma duba abin da take yi wa duk dabarun da aka lissafa. Dukkansu suna buƙatar yaro ya nuna maka abin da bai iya ba. Ranar da ka zane wanda ya rubuta 34, gobe babu mai ɗaga amsarsa, kowa zai leƙi na maƙwabci ya kwafa. Ka rufe wa kanka ido ke nan. Ka tuna kuma wasu daga cikin yaran nan sun ga abin da babba ma ba zai so ya gani ba, tsawa kaɗai na iya sa su ƙame. Tsare aji da doka da kowa ya sani, da alamar yin shiru kamar tafi uku, da aikin da ba ya barin kowa zaman banza. In yaro ya kuskure, ce masa, "Nuna min yadda ka yi," a nan za ka ga inda zaren ya tsinke.

Inda dabara ta tsaya

Kada a ɗora wa malami komai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kai kuma ka san azuzuwan da suka ninka haka. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ko wanda ke fargabar hanyar zuwa makaranta, ba ƙirga sakan uku ce za ta warware masa matsala ba. Waɗannan hakki ne a kan gwamnati, kuma ya kamata matasa su ci gaba da tambaya a kai da hujja. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, sama da 21,000 suka faɗi, aka sallame su, aka yi ta muhawara. Ko wane ɓangare ka goya wa baya, tambayar da ta rage ita ce wa ke shiga aji ya zauna da sabon malami ya nuna masa yadda ake yi. Bitar kwana uku a otal a Gusau ba ta kai amfanin abokin aiki da zai zauna a bayan ajinka sau ɗaya a mako ya gaya maka abu ɗaya da za ka gyara ba.

Wannan kuwa ba sai kun jira kowa ba. Ku uku ko huɗu a makaranta ɗaya ku riƙa shiga ajin juna. Zauren WhatsApp ɗin malaman da ya cika da gaisuwar Juma'a da jita-jitar ƙarin albashi, a riƙa jefa tambaya ɗaya a mako: wa ya koyar da kashi-kashi yara suka gane, ta yaya ya yi?

In kai malami ne, kada ka kwashi duka lokaci guda, sannu ba ta hana zuwa. Makon farko yi gwajin karatu. Na biyu ƙara bitar minti biyar. Na uku fara jiran sakan uku da gwangwanin sunaye. A ƙarshen zango sake gwajin da takardar farko, ka ƙirga yara nawa suka haura mataki. In kuma ba ka koyarwa, yau da yamma ajiye waya, kira ƙanenka ko ƙanwarka da ke aji uku ko huɗu, rubuta jimloli huɗu da Hausa, ka ce ya karanta ya gaya maka abin da suke nufi. Abin da ka ji, ka je da shi wurin malaminsa cikin ladabi, ku tsara abin da za a riƙa yi a gida da abin da za a riƙa yi a aji. Allah Ya ba malamanmu lada, Ya zaunar da jiharmu lafiya.